Ganyen roba ko tsiro mai rai: wanne ke kwantar da faɗan kifi a tanki?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ganyen roba za ka sa a tankin kifinka ko tsiro mai rai don faɗa ya lafa. Sayi mai rai, kada ma ka tsaya a kan na roba. Amma tun da ka ce taiga bab (ƙananan kifaye masu ratsin baƙi) guda uku ne ke gutsure wa gupi (ƙananan kifaye masu faffaɗar jela) jela a tankinka mai tsawon ƙafa uku, gara in faɗa maka tun yanzu cewa tsiro rabin magani ne. Ɗaya rabin yana wajen kifayen kansu, kuma zan zo kansa.

Ni ma da roba na fara. Abin da zan iya yaba masa shi ne ba ya mutuwa, ba ruwansa da haske, kuma ranar sayensa ya fi araha. Shi ke nan. Kafin wata biyu gansakuka ta lulluɓe shi, duk sati sai na fito da shi na bi da buroshi, sannan wani ganyen mai kaifin baki ya tsaga wa kifina ɗaya, irin da ake kira moli, fiffike. Har yau ina jin haushin wannan kuɗin. In dole sai ka sa shi, to ka goga shi a jikin mayafi mai laushi tukuna: in ya ja zare, zai yaga jelar gupi.

Mai rai kuwa, wani abokina a unguwar Barnawa, nan Kaduna, shi ne ya yanko mini guntun wani tsiron ruwa da ake kira anubiyas, mai ganye huɗu, shekara uku ke nan. A lokacin ina da wata moli mace baƙa wadda ta tare a bayan filta, wato na'urar tace ruwa, ba ta fitowa ko an zuba abinci, saboda namiji ɗaya da ya hana ta sakat. Na ɗaure guntun nan a jikin dutse a tsakiyar tanki, na dasa wata ciyawar ruwa, balisineriya, a bayansa. Ba a yi kwana goma ba na ga ta fito tana kiwo a ƙarƙashin ganyen, in ya taso mata ta zagaya dutse, shi kuma ya tsaya yana dube-dube ya koma harkarsa. Daga baya har ta haihu a wurin, 'ya'yan suka tsira da yawa. Wannan guntu ɗaya yanzu ya zama tushe biyar, biyu na bayar kyauta. Duk yamma in na dawo daga aiki wurinsa nake fara tsayawa in duba ko sabon ganye ya leƙo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kifi mai faɗa da ido yake bi. Muddin yana hango abokin zamansa daga wannan bango zuwa wancan, ba zai daina kora ba, wanda ake kora kuma ba shi da inda zai huta, sai ya daina cin abinci, ya rame, cuta ta same shi. Da zarar wani abu ya shiga tsakani, korar ta yanke. Gaskiya roba ma yana iya tare ido, amma yadda ka saye shi haka zai zauna. Mai rai kullum ƙara duhu yake, kuma yana shanye wani ɓangare na dattin da kashin kifi da ragowar abinci ke zama a cikin ruwa. Kifin da ke cikin ruwa mai tsabta ya fi natsuwa, raunin cizo ma ya fi saurin warkewa.

Iri uku nake so ka nema, kowanne da wurinsa.

Anubiyas shi ne na farko, don shi ya fi dacewa da halin da muke ciki na ɗauke wuta. Ba ya son haske mai ƙarfi, ganyensa kauri gare shi, kifi ba ya iya cinye shi, kuma in fitila ta yi kwana biyu ba ta kama ba, ba abin da zai same shi. Ɗan gida ne ma: asalinsa bakin rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru. Irin da aka fi sayarwa shi ne barteri. Kuskure ɗaya ne ke kashe shi, kuma kusan kowa na yi: binne gindinsa. Yana da wani gindi mai kauri a kwance kamar citta, daga nan ganye da saiwa ke fitowa. In ka tura shi cikin tsakuwa ruɓewa zai yi. Ɗaure shi za ka yi da zaren ɗinki a jikin dutse ko itace, da kansa zai kama, kafin zaren ya ruɓe ya riga ya manne. Sai dai ka yi haƙuri da shi, yana iya ɗaukar makonni kafin ya fitar da ganye ɗaya, kuma kuɗinsa ya fi na roba.

Balisineriya ita ce mai dogayen ganye kamar ciyawa. Ita a cikin tsakuwa ake dasa ta, saiwar kawai, a bar wuyanta a waje. Jera ta a baya da kusurwa biyu. In ta kama, da kanta take miƙa jijiya tana tsiro a gefe har ta zama labule. Kada ka tsorata in tsofaffin ganyen sun narke a makon farko, sababbi na tafe.

Ta uku kainuwa ce, wadda muka sani tun muna yara, dashen Allah. A saman ruwa take yawo, saiwarta na reto ƙasa, nan 'ya'yan kifi ke ɓuya, kuma inuwarta na kwantar wa kifi hankali. Tana son tanki mai buɗaɗɗen sama, in raɓar murfi na ɗiga a kan ganyenta ruɓewa take. Tana yaɗuwa da sauri, saboda haka ka riƙa kwashewa, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan, in ba haka ba na ƙasa za su rasa haske. In daga kududdufi ko bakin kogin Kaduna ka ɗebo ta, kada ka jefa ta kai tsaye. Wanke ta sosai, ajiye ta a bokiti daban na sati biyu kana canza ruwa, don tana zuwa da matsattsaku da ƙwan dodon koɗi da tsutsar mazari mai cin 'ya'yan kifi.

Fitila awa 6 zuwa 8 a rana ta isa. Kada ka ja tankin bakin taga don neman haske kyauta, musamman a zafin Maris da Afrilu: ruwan zai yi zafi, gansakuka ta cinye maka gilashi. Kuma tsiro ba ya maye gurbin filta. Da dare shi ma iskar ruwan yake sha kamar kifi, don haka ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir saboda daren da ba wuta. Canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu duk sati yana nan daram, in na famfo ne a sa masa maganin kashe kulorin.

Yanzu kifayen. Taiga bab ɗan garke ne, asalinsa Sumatra da Borneo, kuma a tsakaninsu suke ƙare rigimarsu ta wane ne babba. In suna uku, rigimar ba ta ishe su ba, sai su juya kan duk mai doguwar jela. Mayar da su takwas, tankinka mai lita ɗari da ɗoriya zai ɗauka in ba ka cika shi da wasu ba. Amma ba zan ruɗe ka ba: ko ka dasa daji guda, gupi mai faffaɗar jela da taiga bab ba sa zama lafiya. Ɗaya ya fita. In gupi ka fi so, ka ba da bab ɗin. In bab ne, nema wa gupi ƙaramin tanki nasu. Moli da gupi kuma a bar mace biyu ko uku ga kowane namiji. Ranar da za ka sa sababbin kifi, sauya wa duwatsu wuri don tsofaffin su rasa iyakar da suke tsaro, ka kashe fitila har washegari, abinci kuma ka riƙa zubawa a kusurwa biyu. Da hunturu kada ka manta da hita mai ɗumama ruwa, ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 27, don sanyin Disamba da Janairu na nan garin shi ke kawo wa kifi cutar farin ɗigo, kuma wanda aka riga aka ciza shi take fara kamawa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wani ya taɓa sayar mini da tsiro mai ratsin fari yana rantsuwa na ruwa ne, ashe furen tukunya ne na tsakar gida. Wata ɗaya ya narke ya ɓata mini ruwa. Duk tsiron da ka ga ya tsaya ƙyam a hannu kamar ƙaramin gora, ko ganyensa na da ratsin fari ko ja mai ƙyalli, ka bar shi. Ka tambayi sunansa, ka duba hotonsa a wayarka a gabansa. Ka matsa gindin anubiyas da yatsa: in ya yi laushi ko yana wari, ya mutu. Kuma duk wanda ya ce maka “ai duk suna zama tare”, so yake ka zaro kuɗi. Da wannan maganar ake tura wa mutane ɗan kifin oska mai kyan gani wanda zai girma ya kusa ƙafa ɗaya ya haɗiye komai, ko kifin zinare da zai tuge maka balisineriya a dare ɗaya.

Wannan satin ka fitar da gupi tukuna. Sannan ka sayi anubiyas tushe biyu da balisineriya kamar shida, ka ba su sati biyu su zauna kafin ka ƙaro bab, in su ka zaɓa. In kana kusa da Unguwar Rimi ka yi mini magana, ina da kainuwar da ta girma a tanki, ba sai ka je bakin kogi ba.