Saƙo ga Kawu a Jos: maganar jakar bindiga

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran mutanen gida. An ce min sanyin Jos ya sauka da wuri bana. Mu ma nan arewacin Ingila muna cikinsa, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa.

Na ji saƙonka ta bakin Yaya, cewa in nemo maka irin jakar da Turawa ke saka bindigar farauta, wadda idan ka fito da asuba ba wanda zai gane abin da ka rataya. Na san dalili. Tun da sabbin mutane suka cika layinku, ka ce fita da mai baki biyun nan ta zama maka nauyi, yara su biyo ka, manya su bi ka da ido. Ban yi gaggawar saye ba, sai da na zaga na gani da idona, na kuma tambayi wanda ya san harkar.

Wanda na tambaya maƙwabcina ne, wani dattijo da katanga ɗaya ta raba mu. Shekara uku muna gaisawa, muna karɓar wa juna saƙo, ban taɓa sanin yana da bindiga ba, balle har guda uku. Ran da na sani, hira ce ta kai mu ga farauta, na ba shi labarinka, yadda kake dawowa da zabi da fakara daga bayan duwatsun Shere muna yara muna rububin fige gashi. Sai ya yi shiru, ya ce in shigo. Ya kai ni wani lungu a ƙarƙashin matakalar bene, ya ture riguna, sai ga kabad ɗin ƙarfe dogo siriri, an ɗaure shi da manyan kusoshi a jikin bango, makulli biyu. Ya ce ko matarsa ba ta san inda yake ajiye mabuɗin ba. Na yi mamaki, sai ya ce ai doka ce, wanda ba shi da lasisi bai kamata ya iya kai hannu ga bindigar ba, ko da kuwa gado ɗaya suke kwana. An taɓa ƙwace lasisin wani lauya a ƙasar nan don kawai ya gaya wa tsohuwarsa inda mabuɗi yake, ya je kotu kuma bai yi nasara ba.

To Kawu, ga abin da na gani a kanti. Jakar iri uku ce. Akwai ta tamfol ko ta fata, doguwa kamar kube, cikinta an shimfiɗa ulu mai laushi don kada ƙarfen ya karce, da zif da maratayi. Wannan ita ce ta kowa da kowa, daga fam 30 zuwa 60 za ka sami mai kyau, ta fata zalla kuwa ta ninka haka sau da yawa. Akwai akwati mai tauri na roba ko na alminiyam, cikinsa soso, da wurin saƙala kwaɗo. Da yake mai baki biyu ana iya raba ta, bakin daban, ƙotar daban, akwatin bai fi tsawon hannu da ɗan ƙari ba, ka gan shi kamar na kayan aikin kafinta. Sai na uku, wanda na san shi ne aka kwatanta maka: jakar da aka ɗinka da gangan don ta yi kama da ta kayan kiɗa ko ta 'yan wasanni. Ita na fi daɗewa ina juyawa a hannu, kuma ita ce na ajiye ban saya ba.

Maƙwabcin nawa akwatin yake amfani da shi. Ranar Asabar ya ɗauke ni zuwa filin da suke gwajin harbi, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama ana harbinsa. Na lura da yadda ya fita. Ya matso da motar bakin ƙofa, ya saka akwatin a but, ya rufa masa bargon karensa, harsashi kuma a wata jaka daban. Babu magana, babu waige-waige, kamar mai fita cefane. Da muka tsaya shan shayi a hanya, ya cire guntun katakon da ke ƙarƙashin bakin bindigar ya zura a aljihun kwat, ya ce idan ɓarawo ya fasa motar, abin da zai ɗauka ba zai yi masa aiki ba.

Na tambaye shi me ya sa duk wannan kaffa-kaffa, alhali yana da takarda. Ya ce abu biyu ne. Na farko ɓarayi: gidan da aka san akwai bindiga shi ake haurawa. A 2021 an sace bayanan mutane sama da dubu 100 daga wani shafin cinikin bindigogi na intanet, har da adireshinsu aka watsa, kuma ya ce tun daga lokacin da yawa daga cikinsu suka ƙara kame bakinsu. Na biyu shi ne haƙƙin maƙwabta. Mutanen ƙasar nan ba su saba ganin bindiga ba, yawancin 'yan sandansu ma ba sa ɗauka. Idan wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ga mutum da bindiga tsirara, 999 za ta buga, kuma masu zuwa ba da wasa za su zo ba. Ya ce bai ga amfanin ya tayar wa mutum hankali a kan abin da shi nishaɗi ne a wurinsa ba.

Su ma suna da tabonsu. A 1987 wani ya harbe mutum 16 a garin Hungerford, a 1996 wani ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotilan ya kashe yara 16 da malamarsu, abin da ya sa a 1997 aka haramta wa jama'a mallakar ƙaramar bindiga ta hannu kusan gaba ɗaya. A 2021 kuma wani mai lasisi ya kashe mutum biyar a Plymouth, daga nan aka wajabta kawo bayanin likita kafin a ba ka takarda. Da yake faɗa min wannan, rikicin Jos ne ya faɗo min a rai, Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutanen layinku da ke bin ka da ido ba ƙiyayya ba ce, Kawu, wasu cikinsu gudu ne ya kawo su unguwar, sun bar gidajensu a inda ba za su iya komawa ba. Don haka niyyarka ta rufe bindigar daga idonsu na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Inda na tsaya shi ne nan. Mutumin nan ya ɓoye wa maƙwabta, amma bai ɓoye wa hukuma ko ƙwayar harsashi ba. Kafin a ba shi takarda, sai da mutanen da suka san shi aƙalla shekara biyu suka tsaya masa shaida, likitansa ya rubuta, ɗan sanda ya zo har gida ya zauna da shi, ya girgiza kabad ɗin ya ga ko ya kafu. Lambar kowace bindiga tana kan takardarsa, idan ya sayar ko ya sayi wata dole ya sanar cikin kwana bakwai. Duk shekara biyar a sake sabo. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, a Fabrairun 2025 aka ɗaga na sabuwar takardar bindigar tsuntsaye daga ƙasa da fam 80 zuwa fam 194. Masu nema suna kukan jinkiri sosai, a wasu yankuna mutum kan yi watanni yana jira, kuma wannan kukan gaskiya ne. Amma idan ɗan sanda ya tare shi a hanya, lambar motarsa da sunansa sun isa a duba a kwamfuta a ga ko shi wane ne. Ya buɗe akwati, a duba, a ce masa a sauka lafiya.

Yanzu ka ɗauko wannan jaka mai kama da ta kayan kiɗa, ka kawo ta hanyar Bauchi ko ta Bukuru da asubar fari. Sojan rundunar tsaro ta musamman ta Filato da ya kwana a tsaye cikin sanyi ya haska tocila ya ce mene ne wannan, ka buɗe, sai ga bindiga a cikin abin da aka ɗinka don ya ruɗi ido. Kafin hannunka ya kai aljihu ka ciro lasisi, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci. Ba shi da kwamfutar da zai duba, abin da ya gani shi ne shaidarsa. Kuma ka fi ni sanin yadda masu safarar makamai ke yi, a buhun masara, a ƙarƙashin kujera, a cikin katifa. Duk abin da ya yi kama da dabara, da su za a haɗa ka. Wallahi wannan tunanin ne ya hana ni barci daren da na dawo daga kantin. Ba zan iya sayen abin da zai sa a ɗaga maka bindiga ba.

Dokarmu ta 1959 ai ta fayyace: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, irin taka sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta gargajiya mai ɗurin albarushi kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kai ka bi hanya tun muna yara, na sha ganin ka fito da takardar daga cikin leda kana shafa ta. Roƙona shi ne ka je hedikwatar 'yan sanda da kanka ka tabbatar tana nan da ranta, domin sharuɗɗan sun sha canzawa a shekarun nan, ka kuma sa DPO na yankinku da mai unguwa da shugabannin ƙungiyarku ta maharba su san da zamanta. Idan waɗannan sun sani, sauran jama'a ba sai sun gani ba.

Game da kayan kuwa, gaskiya ban ga abin da suka fi mu a ɗinki ba. Na duba ta fam 50 ɗin nan ciki da waje, zaren roba ne da tamfol, galibinsu ma daga Chana ake kawo su. Dukawanmu da ke ɗinka kuben takobi da sirdi za su yi maka wadda ta fi ta ƙarko da fatar gida, a kan kuɗin da bai kai rabin wannan ba. Abin da za a ce wa baduku kawai ya sa mata shafi mai laushi a ciki, ya yi zif mai kai biyu da za a iya saƙala wa kwaɗo, ya ɗinka aljihu a waje daidai takarda, yadda lasisi zai riga bindiga fitowa. Launinta ya zama mai duhu, ba ado, ba tambari, ba kalar kakin soja. Wanda ya san bindiga zai gane jakar bindiga ce a kulle, yaron layi kuma ba zai ga abin bi ba.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne ajiya da gyara. Nan akwai masu gyaran bindiga masu rajista, ka kai a duba maka baki da kunama, a gaya maka ko ta gaji. Akwai ƙungiyoyin maharba da kuɗin shigarsu ya haɗa da inshora, idan tsautsayi ya sa ka raunata wani. Mu kuwa sai jingina a bayan ƙofa ko a tura ƙarƙashin gado, ga jikoki suna shiga suna fita. Wannan ya fi jakar damuna. Kabad ɗin nan na maƙwabcina ba wani abin mamaki ba ne, farantin ƙarfe ne mai kauri da makulli biyu da kusoshi huɗu. Duk mai walda a Dilimi da ke haɗa ƙofar shago zai iya yin sa cikin kwana biyu. Na ɗauki hotonsa ciki da waje da izinin mai shi, na auna tsawo da faɗi, na tura wa Yaya ta WhatsApp. Kuɗin ƙarfe da na aiki ni zan biya, na baduku ma haka. A kafa shi a ɗakinka, bayan labule, a yi aikin ranar da gidan ba baƙi, mabuɗi kuma ya zauna a jikinka.

Abin da zan riƙo maka idan na zo hutun ƙaramar salla shi ne kwaɗo biyu masu kyau da ƙullin gishirin nan mai tsotse laima da suke jefawa a cikin kabad, saboda damunar Jos ba ta raga wa ƙarfe. Kafin nan, don Allah ka sa a auna min bindigar da tef, a haɗe da kuma a rabe, daga baki zuwa ƙarshen ƙota, a turo min don in daidaita zanen da za a kai wa baduku.

A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hanya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya zaunar mana da Filato lafiya.

Ɗanka.