Gidauniyar da ba ta bar mu ba bayan ambaliya

Jama'a bari in faɗi abin da na gani da idona game da gidauniyar wani iyali a nan Argungu. Ambaliyar 2020 ta cinye mana shinkafa a fadama, ɗakunanmu biyu na ƙasa suka rufta. Masu tallafi sun zo da taliya da tabarmi, Allah ya saka musu, amma wata ɗaya shiru kake ji.

Su kam 'yan gidan nan sai da ruwa ya janye suka fara aiki, suka kawo siminti da kwano, magina kuma yaran unguwarmu aka ɗauka aka koya musu ɗaga fandisho sama da inda ruwa ya tsaya, ƙanena har yau da wannan sana'ar yake ci wallahi. Da rani suka ba mu irin shinkafa da injin ban ruwa bashi babu ruwa a kai, sai an girbe a biya. Ko a Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005 ai shekaru aka kwashe ana gini, balle mu.

Inda suka gaza, rajista. Layi tun asuba, tsofaffin mata cikin rana babu rumfa, hajiyarmu sau uku tana komawa. Don Allah a gyara wannan.