Haddar kalmomi ko karatun labarai: wanne ya fi wa ɗan ƙaramar sakandare?

Wata 'yar'uwa ta tambaya cewa ɗanta yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma Turanci na ba shi wahala. Malaminsu yakan ba su jerin kalmomi su haddace ma'anarsu, wani kuma ya ce mata ta rabu da wannan, ta saya masa littattafan labarai kawai. Wanne za ta kama?

Hajiya, Allah ya raya shi. Kowace hanya da ranarta, amma ba daidai suke ba ga yaron da ke wannan matakin.

Hadda tana da sauri. A zama ɗaya yaro zai iya riƙe ma'anar kalmomi goma. Kuma ba kowace kalma ce ke da nauyi ɗaya ba: kalmomi kusan 2,000 da aka fi yawan amfani da su, su ne ke cike kimanin kashi 80 cikin 100 na rubutun Turanci na yau da kullum. Tun 1953 wani malami ɗan Ingila, Michael West, ya tattara irin wannan jeri. Wanda ya mallake su ya samu ƙofar shiga. Cikas ɗin hadda shi ne mantuwa. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa yawancin abin da mutum zai manta, a sa'o'in farko da kwanan farko yake zubewa. Shi ya sa yaro zai cinye gwajin ranar Juma'a, ran Litinin ki tambaye shi ya yi zuru. Ga kuma ma'anar da aka haddace ba tare da jimla ba: ya san borrow da lend duk maganar aro ce, sai ki ji ya ce wa abokinsa "borrow me your biro" maimakon "lend me your biro", don bai taɓa ganin yadda kowacce ke zama cikin magana ba.

Wannan giɓin karatun labari ke cikewa. Yaro yana ganin kalmar tare da maƙwabtanta, ya ga yadda ake rubuta ta, ya sake cin karo da ita a wani shafin da wata fuska. Abin da aka koya ta nan yana daɗewa. Sai dai akwai sharaɗin da masu cewa "a saya masa littafi kawai" ba sa faɗa. Binciken Paul Nation, masanin koyar da kalmomi a New Zealand, da abokan aikinsa ya nuna sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimta ba tare da taimako ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 50. In suka yi yawa, ba karatu yake ba, kallon takarda yake. Ki gwada da kanki: ki buɗe masa shafi, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu. Sannan hanyar tana da jinkiri, don sai kalma ta maimaitu sau da yawa kafin ta zauna.

A nawa ganin, ɗanki ya fara da hadda, amma irin ta Islamiyya, wadda ba ta rabuwa da tilawa. A yayyanka kwali ƙanana, gaba a rubuta kalmar, baya a rubuta ma'anarta da Hausa da gajeriyar jimla ta Turanci. Kada wani ya tsorata ki cewa fassara da Hausa na ɓata koyo, ita ce hanya mafi kusa ga mai farawa. A samo gwangwani uku na zuba waɗannan katunan: na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Kalmar da ya tuna ta matsa gaba, wadda ya manta ta koma na farko. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa wannan tsari a 1972. Abin lura shi ne ya yi ƙoƙarin tunowa kafin ya juya katin, a nan aikin yake. Kalma biyar a rana ta isa, kuma a tsinto su daga littattafansa na kimiyya da nazarin zamantakewa, ba daga shafin farko na ƙamus ba, tunda su ne zai tarar a jarrabawar BECE ta aji uku.

Bayan katunan, ya yi minti 15 yana karanta labari mai sauƙi, ko da na 'yan firamare ne, babu kunya a ciki. Zuwa aji biyu, karatun ya fi katunan yawa. Jerin da malami ke bayarwa kuwa kada a jefar, a mai da shi katuna, kuma ki roƙi malamin ya riƙa haɗa kowace kalma da jimla ɗaya.