Haddar jerin kalmomi ko yawan karatu: wanne ya fi gina Turancin ɗan sakandare?

Hajiya, kin ce 'yarki tana SS2, malaminsu ya ba su jerin manyan kalmomin Turanci su haddace, wani kuma ya ce miki ɓata lokaci ne, gara ki saya mata littattafai. Duka biyun suna da amfani, amma kowanne da inda yake tsayawa.

Hadda tana da sauri. Yarinyar da ke ɗaukar kalma 8 a rana, kwana biyar a mako, za ta tara 160 a wata. Wannan yana taimakawa a takardar zaɓi ta WAEC, inda ake tambayar kalma mafi kusa da ma'ana ko kishiyarta, haka ma a JAMB. Matsalar ita ce mantuwa. Tun 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa a kwanakin farko idan ba a yi tilawa ba, abin da kowane malamin allo ya sani. Maganin mantuwar shi ne kati: kalma a gaba, ma'ana da jimla a baya, a raba katunan gida uku. Na farko a duba kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Kalmar da yarinyar ta tuna ta matsa gida na gaba, wadda ta manta ta dawo gidan farko.

Amma akwai abin da hadda ba ta iya bayarwa, kuma a nan yaranmu suka fi zubar da maki. Jerin zai ce famous shahararre, notorious ma shahararre. Sai yarinya ta rubuta cewa shugabar makarantarsu notorious ce, alhali ba a faɗar kalmar sai ga wanda ya yi ƙaurin suna, kamar ɗan fashi. Haka economic da economical: ta farko ta shafi tattalin arziki, ta biyu kuwa abin da ba ya cin kuɗi ne ko mutum mai tsimi. Hausa ma tana ƙara jawo kuskuren. Da yake “ara” ɗaya muke da ita, sai ki ji “borrow me your pen” maimakon lend. Sannan kowace kalma tana da abokan tafiyarta. Ana cewa commit a crime, ana cewa heavy rain, kuma ba a gane wannan sai an ci karo da su cikin jimla sau da yawa.

Karatu ne ke ba da wannan. Yana da nawa, sai an yi watanni kafin a ga tasirinsa, kuma yana lalacewa idan littafin ya fi ƙarfin mai karatu. Masu bincike irin su Paul Nation sun nuna ana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin a fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato a shafi mai kalma 300, baƙin kalmomi kada su wuce 6. Ki sa ta buɗe tsakiyar littafin ta ƙirga. Idan sun kai 15 ko 20, a ajiye shi tukuna, don za ta ƙare a bakin ƙamus har ta ƙosa. Minti 20 zuwa 30 kullum ya isa, a haɗa labari da sharhin jarida.

A jarrabawa za ki ga bambancin a fili. A sashen fahimtar nassi, WAEC tana cewa a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kamar yadda aka yi amfani da ita a wurin. Idan nassin ya ce abandoned, amsar deserted ce. Wanda ya rubuta desert ya rasa makin duk da ya san ma'anar, don sigar ba ta dace da lokacin da ya shuɗe da nassin ya yi amfani da shi ba. Ga kuma insha'i mai kalma 450, inda cusa babbar kalma a inda ba muhallinta ba yake rage maki.

Tunda tana SS2, shawararmu ita ce karatu ya zama ginshiƙi, katunan kuma su fito daga cikinsa. Duk kalmar da ta sake haɗuwa da ita karo na biyu, ta kwafe ta da jimlar da ta zo a ciki, ta duba ƙamus na masu koyo irin na Oxford ko Longman, ta rubuta danginta: analyse, analysis, analytical. Jerin malamin kada ta yar, ta nema wa kowace kalma jimla kafin ta shiga kati. Idan kina son jeri mai tsari, akwai na wata mai bincike, Averil Coxhead, na shekarar 2000, mai dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi.

Da a ce SS3 take, jarrabawa saura wata uku, da mun ce ta karkata ga kati, ta ciro kalmomin daga tambayoyin shekarun baya.