Wuƙaƙen aljihun da ba zan ƙara sa kuɗina a kansu ba

Mai tara wuƙaƙen aljihu a Garwa ko Marwa, ba wuƙa mai araha ce ke cin kuɗinsa a banza ba. Wadda ke cinsa ita ce wadda aka zana wa babban suna a jikin ruwanta, amma in ka nemi wanda ya ƙera ta, babu shi. Na daɗe ina tarawa, kuma kafin babbar Sallar da ta wuce na yi odar wasu daga wani mai shago a Duwala da ke tallar kayansa a WhatsApp. Motar haya ta kawo su, na yi aiki da su, ba ajiye su na yi a kwaba ina kallo ba.

Wadda ta fi ɓata mini rai ita ce mai sunan Laguiole, don ita na fi ɗoki. Ta zo cikin akwatin katako da wata takardar shaida mai hatimi. A ido kyakkyawa ce: siririya, ƙota mai ɗan lanƙwasa, ga siffar ƙudan zuma ta ƙarfe da aka san irin wuƙar da ita a wuyanta. Da na buɗe ta na kama tsinin da yatsa biyu, sai na ji ruwan yana motsi hagu da dama. Ƙudan zuman da ya kamata a ce yana manne daram da sifirin da ke bayan wuƙar, liƙa shi aka yi a karkace, har ana ganin busasshen gam a gefensa. An ce mini ƙotar ƙaho ce. Na ɗumama allura na taɓa can ciki inda ba a gani. Ƙaho in ya ƙone warin ƙonannen gashi yake yi, duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake babbaka kai da ƙafa ya san shi. Wannan kuwa warin roba ta yi.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba, Laguiole ba kamfani ba ne. Ƙauye ne a yankin Aveyron da ke kudancin Faransa, inda aka fara ƙera irin wannan wuƙa tun ƙarni na 19, daga baya maƙeran garin Thiers, cibiyar ƙirar wuƙa a Faransa, suka ɗauki kaso mai yawa na aikin. Da yake sunan ba mallakar maƙeri guda ba ne, masana'antu a Pakistan da Sin suka yi ta buga shi a kan duk abin da suka ga dama. Ta gaskiya za ka ga sunan maƙeranta a jikin ruwan, sau da yawa har da irin ƙarfen, kamar 12C27 ko XC75. Kuma wadda aka yi da hannu a ƙauyen kansa da wuya ka same ta ƙasa da yuro 100, wato sama da sefa dubu 65. To in wani ya ce zai ba ka guda shida a akwati kan dubu goma sha biyar, ka riga ka san amsa. Mai tarawa ya guje wa duk Laguiole da ba ta ɗauke da sunan wanda ya yi ta, komai kyan akwatinta.

Sai jar wuƙar nan mai farin gicciye da ake cewa ta sojan Suwizalan. Ta asali kamfanin Victorinox ke yi a Ibach, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884, kuma ina da tsohuwa guda da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Wadda ta zo daga Duwala jabu ce. Gicciyen fenti ne, gumi da gogar aljihu suka fara cinye shi. Almakashin tauna takarda yake yi, sukudireban kuma na sa shi a kan noti na rediyo sai ga bakinsa ya murɗe. Ta gaskiya tana da sunan kamfanin a buge a gindin babban ruwan, kuma kowane ƙarfe in ka rufe shi sai ya faɗa mazauninsa da ƙara, ƙas. Akwai wani abu kuma: Victorinox ta sayi kamfanin Wenger, wanda shi ma irin wuƙar yake yi, a 2005, kuma daga 2013 aka haɗe wuƙaƙen ƙarƙashin suna ɗaya, wato Victorinox. Saboda haka in ka ga ɗan kasuwa da tulin sababbin wuƙaƙe masu sunan Wenger, ka tambaye shi daga ina.

Ta ukun ita ce mai zanen igiyar ruwa a jiki, wadda ake kira Damaskus. Ita na ɗauka ranar layya. Ta fara fiɗa da kyau, amma kafin mu gama cinya ɗaya ta dakushe, sai ja take yi tana yaga fata. Dattijon mahaucin da ke taya mu aiki ya karɓa, ya goga ta a dutsensa, ya taɓa bakin da babban yatsa, ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, wannan ba ta sha wuta ba. Ko ka wasa ta, kaifin kwanciya zai yi." Ya zaro tasa, baƙa ƙirin, ƙirar wani maƙeri daga tsohon sifirin mota, ya ƙarasa ragon. Inda dutsen ya ci jikin tawa, zanen ya goge fes, farin ƙarfe ya fito. Damaskus na gaskiya ƙarfe iri biyu ne ake jera su, a gasa, a daka, a ninka, har su zama jiki ɗaya, shi ya sa zanen ke ratsa ruwan gaba ɗaya, ana ganinsa har a gadon baya. Na jabu a sama kawai ake zana shi. Akwai ma wanda an ninka shi da gaske, amma da tarkacen ƙarfe mai taushi, shi ma ba ya riƙe kaifi. Wuƙar Damaskus mai arahar gaske, babu sunan maƙeri, babu sunan ƙarfe, ka bar ta inda ka gan ta.

Haka nan waɗanda ba a rubuta musu komai ba sai Inox, ko Rostfrei, ko Stainless, ko lambar ƙarfe 440 kawai babu harafin da ke biye da ita. Babu sunan kamfani ko ɗaya a nan, suna gaya maka ne ƙarfen ba ya saurin tsatsa, ba su ce yana yanka ba.

An ce araha ba ta ado, amma a harkar wuƙar aljihu ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, kuma a nan ne nake jin takaicin yadda samarinmu ke raina abin da iyayensu suka riƙe. Dubi Okapi, mai ƙotar katako da zoben da ake ja a saki makullin. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902, don kasuwannin ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka, lokacin Kamaru na hannunsu, daga 1884 zuwa 1916. A 1988 ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu. Duk wanda ya samu tsohuwa mai tambarin Jamus a akwatin kakansa, ya samu abin ajiya na gaske, ya share ta da mai ya adana. Dubi Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke yi a Thiers tun 1929: falle ɗaya na ƙarfe aka naɗe ya zama ƙota, sai ruwa, sai sifirin mai ƙarfi, sai ƙusa biyu da marataya. Babu ado, amma tana ɗaukar kaifi kamar aska. Ga Opinel mai lamba 8, ƙotar katako, tambarin hannu da kambi, da zoben kullewa da aka ƙara mata a 1955. Masu baƙin ƙarfe a cikinsu suna tsatsa in an bar su da jini ko ruwan mangwaro, musamman da damina a bakin Binuwai, don haka a goge a shafa ɗan man gyaɗa. Su ma ana yin jabunsu, a duba tambarin da kyau, na asali yana fita tsaf, ba a dagule ba.

Ba ina cewa duk abin da ya fito daga Sin banza ba ne. A birnin Yangjiang akwai masana'antun da ke sa sunansu na kansu, su rubuta ƙarfen da suka yi aiki da shi, D2 ko 14C28N, kuma wuƙaƙensu na yanka. Wanda ya sa sunansa yana tsoron ya ɓaci. Haka maƙerin Marwa da za ka iya komawa rumfarsa gobe ka ce kaifin ya kwanta, ya mayar da ita wuta. Sai dai a kasuwar masu sana'ar hannu a bambance wuƙar aiki da wadda aka yi don baƙi 'yan yawon buɗe ido, mai kube na jar fata da aka ƙawata amma ruwan ciki gwangwani.

In dole sai ka yi oda daga nesa, daga Duwala ko Yawunde ko ta Kuseri daga Njamena, kada hoton akwati ya ishe ka. Ka ce a ɗauko maka gindin ruwan kusa-kusa, gaba da baya, inda ake buga suna. Ka ce a yi maka bidiyo ana buɗewa ana rufewa don ka ji ƙarar sifirin, sannan a kama tsinin a girgiza a gaban kyamara. Ku yi yarjejeniya rabin kuɗi yanzu, ragowar sai kaya sun iso tasha ka duba da hannunka. Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan.