GARGAƊI: mutanen Garwa, ku yi hattara da mai "maganin bincike" na ciwon fata

Sefa 120,000. Tun jiya nake maimaita lissafin ko zai ragu, bai ragu ba. Kuɗin adashena ne. Maigida ma 40,000 na ce masa, in ya ga rubutun nan to ya gani.

Kada kowa ya zo min da "ke ma da ganganci". Shekara 11 ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, ba a taɓa yi min sakiyar da ba ruwa ba. Ta kan 'yata mutumin nan ya shigo min.

Shekararta 14, tun tana goye take fama da kirci, wanda likitoci ke kira iczima. Bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, wuya. Hunturu ya zo fata ta bushe ta tsattsage, zafin Afrilu ya zo gumi ya tayar da ƙaiƙayi. Da safe sai in ga ɗigon jini a zanen gado. Ta bar Islamiyya tun ranar da wata ta ce kada a zauna kusa da ita, wai ƙazuwa ce. Alhali ciwon nan ba a ɗaukarsa, ko a tabarma ɗaya kuka kwana.

A Facebook na ga tallarsa, farar riga, wai yana cikin masu binciken ciwon fata da wasu likitocin Faransa. Na tura masa hoton hannunta kawai. Sai ga saƙon murya: "Hajiya, yarinyar nan ba ta barci ko? Kuma in jarrabawa ta matso ko an ɓata mata rai sai abin ya tashi?" Ina tsakar gida da ludayi a hannu na tsaya cak. Ban gaya masa ba. Wallahi ban gaya masa ba! Ya ƙara da cewa, "Ciwon da ke zuciyarta ya fi na fatar." Na saurari saƙon nan ya fi sau 20. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayar zuciyarta, kowa fatar yake kallo. Ku faɗa min uwar da ba za ta yarda ba.

Na tura 35,000 na robar man shafawa ta farko. A'a, kafin nan akwai 25,000, wai kuɗin rajistar shiga binciken. Sai 60,000 na zagaye na biyu. 25, 35, 60. Ta motar Ngaundere ake aiko saƙon, ban taɓa ganin fuskarsa ido da ido ba.

Kuma man ya yi aiki, shi ne abin da ya fi ci min rai. Kwana 5 fata ta kwanta, yarinya ta yi barci har da minshari. Na dinga sa masa albarka, har mata biyu na ba lambarsa. Sati 7 muna shafawa safe da dare. Da ya ƙare, ko kwana 4 ba a yi ba abin ya dawo da fushi, har fuska. Fatar wuyanta ta yi haske ta yi sirara, ga nankarwa a cinya.

Likitar fatar da muka gani ranar Litinin farce kawai ta sa ta ɓanɓare takardar da ya manna a jikin robar. A ƙasa an rubuta clobetasol. Ta ce sinadari ne mai ƙarfin gaske, shi ake cusawa a mayukan bilicin, ba a shafa wa yaro a fuska, kuma ko babba na ɗan lokaci ne da sanin likita. Na ba ta labarin saƙon muryar, ta girgiza kai. Ta ce sanannen abu ne: damuwa na tayar da ƙaiƙayi, susa na ƙara lalata fata, barci ya ƙi, damuwar ta ƙaru. Wai bincike ya daɗe da nuna masu wannan ciwo sun fi faɗawa ƙuncin rai. Ashe karantowa ya yi, ni na ɗauka gani har hanji ne. Ta ce ba a raba mutum da shi dungurungum, lallaɓa shi ake yi da mai irin su basilin, sabulu marar turare, a yanke farce.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar Asabar ya toshe ni, bayan ya nemi ƙarin 50,000 wai jikinta "na fitar da dafi ne".

Rasit ɗin Orange Money uku, saƙonnin murya, hoton robar, duk suna nan. Zan ɗora su da daddare in ƙanena ya rufe min fuskar yarinyar. Duk wanda ya ce yana warkar da iczima har abada, kada ku tura ko dala. Ku biyun da na ba lambarsa, ku yafe min, ku kai yaran asibiti da robar a hannu.

120,000. Kuma ɗazu ta leƙo ɗaki tana susar wuya, wai "Mama, Dakta bai aiko ba har yanzu?"