A Pennsylvania har 'yar uwar tumfafiya ake saya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka ce in ba ka labarin kasuwannin nan jihar Pennsylvania ta Amurka. To, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne shagon tsirrai.

Ran Asabar na raka maƙwabciyata, wata dattijuwa, sayen dashe. Komai a tukunyar roba, kowace da 'yar takarda mai bayanin rana ko inuwa, da irin ƙwaron da tsiron ke jawowa. Ƙasar shuka ma a buhu take. Da ta ɗauki wata tukunya sai ganye ɗaya ya karye, farin ruwa kamar madara ya tsatso. Na shinshina, na ce ai wannan dangin tumfafiya ce! Abin da muke sarewa a bayan gari, nan da dala ake biyansa. Sunansa milkweed. Wani malam-buɗe-littafi ruwan lemo, monarch, tsutsarsa ba ta cin komai sai shi, kuma duk kaka yakan yi hijirar sama da kilomita 3,000 zuwa duwatsun Meziko. Idan ka duba tumfafiyar gefen gonarmu, mai yiwuwa ka ga ɗan uwansa yana ƙwai a kanta.

Maƙesu kuwa, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, shi ne ƙwaron da jihar ta ɗauka tambarinta tun 1974. Kafin ya yi fiffike yakan yi shekara ɗaya ko biyu a ƙasa mai danshi, cikin ruɓaɓɓen ganye, yana cin dodon koɗi. Shi ya sa dattijuwar ba ta share ganyen bayan gidanta, ko da motar gunduma ta zo kwasa. Fitilar waje ma kashewa take, domin da walƙiyar nan namiji ke neman mace.

Ni dai na yi wauta bara. Wani kamfani ya zo da tallan feshin sauro, na biya, suka zo a kan lokaci, suka yi aiki tsaf. Sauro ya ragu, amma duk watan Yuli maƙesu bai fi a ƙirga da yatsu ba a farfajiyata, alhali nata gidan sai ƙyalli yake. Bana na soke su, na dasa tukwane uku.

A gaida Inna. Ka ce wa yaran su ƙyale tumfafiyar bakin rijiya har in zo.